Darasi na 14: Noman Furen Gadu a Lambun Gida

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ka iya bayyana kamannin furen gadu, ka faɗi matakan shuka shi daga iri, sannan ka yi amfani da kalmomin umarni da na hani daidai.

Karatu

Idan ka taɓa zuwa kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe, ka ga tulin kabeji da karas da latas da tumatir ana loda su a motoci. Sanyin Filato ne yake sa yawancin waɗannan kayan lambu su yi kyau a nan. Amma akwai wani ganye da ba kasafai ake ganinsa a kasuwa ba, alhali yana fitowa da kansa a fadamu da bakin tafkuna a ƙasar Hausa. Sunansa furen gadu. Masana tsirrai suna kiransa *Ipomoea aquatica*.

Furen gadu ɗan'uwan dankalin Hausa ne, don haka shi ma yaɗo yake yi. Karansa yana da rami a ciki, shi ya sa yake iya kwanciya a bisa ruwa bai nutse ba. Kowace gaɓa ta karan tana fitar da saiwa idan ta taɓa danshi. Ganyensa dogo ne mai tsini kamar kan kibiya. Furensa fari ne ko mai ɗan ja-ja, ga baki buɗe kamar na kakaki.

A wurinmu mutane da yawa ciyawa suka ɗauke shi. A ƙasashen Sin da Biyetnam da Malesiya da Filifin kuwa, noma shi ake yi, kuma yana cikin ganyayen da aka fi ci kullum. Yana ɗauke da bitamin A da bitamin C da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini. Kai ma kana iya noma shi a bayan ɗaki, in dai ka kula da abu biyu: lokacin shuka da tsabtar ruwa.

*Lokacin shuka*

Furen gadu ɗan zafi ne. Ya fi girma idan zafin rana ya kai digiri 25 ko fiye. Garin Jos kuwa yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200 daga saman teku. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka zuwa digiri 12, wani lokaci har ƙasa da haka. Kabeji yana son irin wannan yanayi, furen gadu ba ya so. In ka shuka shi da hunturu, irin zai daɗe a ƙasa bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ya tsumbure. Saboda haka ka jira watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta ɗumama kuma ruwan sama ya fara sauka.

*Shirya iri da fangali*

Ƙwayar irin ƙarama ce, launin ƙasa-ƙasa, kuma ɓawonta yana da tauri sosai. Wannan tauri ne yake hana ruwa shiga da wuri. Don haka ka jiƙa irin a ruwa mai ɗan ɗumi, ya kwana ɗaya. Da safe za ka ga ƙwayoyin sun kumbura.

Ka zaɓi wurin da rana take samu sosai. Ka kafce ƙasa da fartanya, ka tsince duwatsu, ka gauraya ta da taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ƙananan tsirrai. Sai ka yi fangali mai ɗan zurfi, mai bango kewaye, domin ruwa ya zauna a ciki. Idan gidanku ba fili, tsohon baho ko bokiti ya isa.

*Shuka da ban ruwa*

Ka yi ramuka da yatsa, zurfin kowane santimita 1 zuwa 2, tsakanin rami da rami santimita 15. Ka sa ƙwaya biyu a kowane rami, ka rufe da ƙasa mai laushi, ka yayyafa ruwa. Cikin mako guda ko kwana goma za ka ga tsiro mai kunnuwa biyu. Daga nan kada ka bari ƙasar ta bushe. Ranar da ba a yi ruwan sama ba, ka ba shi ruwa safe da yamma. Ka riƙa cire ciyawa da hannu, ka kuma killace wurin saboda awaki da kaji.

*Wane ruwa?*

Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a Filato. Ramukan da aka bari sun cika da ruwa, kuma manoman rani a wajen Bukuru da sauran wurare suna ban ruwa da su. Wasu kuma suna jan ruwan kogin Dilimi, wanda ya ratsa cikin gari. To, furen gadu yana da wani hali da ya kamata ka sani. Yana zuƙar abin da ke cikin ruwan da ya zauna a ciki, har da dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa, ya tara su a jikinsa. Wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikin ganye. Saboda haka ka yi amfani da ruwan sama ko na rijiya ko na famfo. Kada ka shuka shi a bakin kwata, kada kuma ka ba shi ruwan da ba ka san abin da ake zubawa a cikinsa ba. Rigakafi ya fi magani.

*Girbi*

Bayan mako huɗu zuwa shida, tsawon shukar zai kai wajen santimita 30. Ka yanka da wuƙa mai kaifi, amma ka bar gaɓa biyu ko uku a ƙasa. Daga waɗannan gaɓoɓi sababbin rassa za su tofo, ka sake yanka bayan mako biyu ko uku. Haka za ka yi ta ɗiba har sanyi ya shigo. Ka bar gindi biyu su yi fure su yi 'ya'ya. Idan 'ya'yan sun bushe, ka fasa su, ka adana irin a kwalba don baɗi.

Ganyen yana saurin yaushi, don haka a dafa shi ranar da aka yanka. A wanke shi sarai, a sa shi a miya ko a gwate, ko a tafasa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kada a ci shi ɗanye.

*Gargaɗi biyu*

Na farko, akwai wani yaɗo da ake kira duman rafi, ko duman kada. Furensa ya yi kama da na furen gadu, amma ganyensa mai faɗi ne, kusan zagayayye. Yana da guba, kuma dabbar da ta ci shi da yawa takan yi ta karkarwa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kada ka tsinko iri ko ganye a daji sai wanda ya sani ya tabbatar maka.

Na biyu, kada ka jefa guntayen karan furen gadu a dam ko kududdufi. Ɗan guntu ɗaya yana iya yin saiwa ya mamaye ruwa. Wannan ne ya sa gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin ciyayi masu ɓarna. Ragowar kara ka shanya ta ta bushe, ko ka ba zomaye.

Sababbin kalmomi

- yaɗo: tsiron da yake bin ƙasa ko ya hau wani abu, kamar kabewa.
- gaɓa: mahaɗar kara, inda ganye yake fitowa.
- fangali: ɗan fili mai bango da ake yi a lambu don ya riƙe ruwa.
- tsumbure: kasa girma yadda ya kamata.
- tofo: fitar da sabon ganye bayan an yanka.
- kwata: hanyar da ƙazamin ruwa yake bi ya fita daga gida.
- baɗi: shekara mai zuwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa karan furen gadu ba ya nutsewa a ruwa?
2. Don me bai kamata a shuka shi a watan Disamba a Jos ba?
3. Mene ne amfanin jiƙa iri kafin shuka?
4. Kawo irin ruwa uku da suka dace da ban ruwansa.
5. Yaya za ka bambanta furen gadu da duman rafi?
6. Bayyana ma'anar wannan karin magana: *Kama da wane ba ta wane.*

Nahawu: umarni da hani

Dubi waɗannan jimloli:

- Musa, ka jiƙa iri. (namiji ɗaya)
- Ladi, ki jiƙa iri. (mace ɗaya)
- Yara, ku jiƙa iri. (jam'i)
- A jiƙa iri. (ba a ambaci kowa ba)

Idan ana so a hana, sai a sa kada a farkon jimla: *Kada ki bari ƙasa ta bushe.*

Mayar da waɗannan jimloli zuwa mace ɗaya, sannan zuwa jam'i, sannan zuwa hani:

1. Ka kafce ƙasa yau.
2. Ka yanka ganyen da rana.
3. Ka zuba taki a fangali.

Aikin yi

Ku kasu rukuni biyu. Rukuni na ɗaya ya shuka ƙwaya goma da aka jiƙa, rukuni na biyu ya shuka goma da ba a jiƙa ba. Kowace safiya ku ƙirga waɗanda suka tsiro, ku rubuta. Bayan mako biyu, kowane ɗalibi ya rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ya gani.