Idan Ka Ci Gwanjo, Ka Biya da Wuri

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini cewa tara kati ya shiga ranka, na 'yan ƙwallo irin waɗanda Panini da Topps ke bugawa, da na Pokémon da suka fito daga Japan a 1996. Ban ga laifi ba. Kasuwa ce mai girma a Amurka, inda a watan Agusta na 2022 aka sayar da kati guda na ɗan wasa Mickey Mantle, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6. Naka cinikin bai kai nan ba, amma ladabinsa ɗaya ne, kuma a kan lokacin biya nake so in ja maka kunne.

Ka sha raka ni kasuwa. Idan ka taya kaya, mai shi ya ce ya sallama, sai hannu ya shiga aljihu. Gwanjon intanet ma haka yake. Daga lokacin da ka danna tayi ka ɗauki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. A eBay ana ba wanda ya ci gwanjo kwana 4 ya biya. Na ji wasu sa'o'inka na ɗaukar kwanakin nan tamkar bashi aka ba su. Rangwame ne aka yi domin mai uzuri. Kai da kuɗinka ke hannu, ka biya a ranar.

Ka tuna da mutumin da ke can ɗaya gefen, ko da ba ka ganin fuskarsa. Sau da yawa dillali ne, katin na wani ne, mai shi kuma yana jiran kuɗinsa. Farashin kati ba ya zama wuri ɗaya: ɗan wasa ya ji rauni yau, gobe katinsa ya faɗi. Idan ka riƙe mutum kwana huɗu sannan ka ɓace, wanda ya zo na biyu a tayi ya riga ya kai kuɗinsa wani wuri, dillali kuma sai ya sake sa kati a gwanjo, wataƙila a kan asara. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Masu wannan harka da farashin cinikin baya suke auna darajar kati, tayin da ba a biya ba kuwa yana iya ruɗar su da farashin da babu wanda ya taɓa biyansa.

Don haka lissafi kafin tayi ake yinsa. Ka haɗa kuɗin aikowa da na kwastan. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Goldin suna ɗora la'ada a kan farashin ƙarshe, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Ka tabbata katin bankinka zai wuce, domin ba kullum katin naira ke biyan dala ba. Ka kuma lura da agogo: gwanjon da ya rufe ƙarfe 7 na yamma a Kaliforniya, ƙarfe 3 ko 4 na dare ne a wurinmu. Idan barci ya ɗauke ka, da ka idar da sallar asuba ka duba.

Akwai jinkirin da ba laifi ba ne. Idan kana taya kati biyu ko uku a wurin mutum ɗaya, kana so ya haɗa maka su a ƙunshi guda don kuɗin aikowa ya ragu, ka nemi yardarsa tun kafin gwanjo ya rufe. Idan matsala ta taso, ka rubuta masa a ranar, ka sa rana, ka cika. Idan ka ga ba za ka iya ba sam, ka faɗa masa gaskiya, ka ba shi haƙuri. Shiru ne ya fi ciwo. eBay na rubuta rashin biya a kan sunanka, masu sayarwa kuma suna iya rufe ƙofa ga wanda ya yi haka sau 2 cikin shekara.

Kafin ka sake danna tayi, ɗana, ka duba asusunka tukuna. Allah ya yi maka albarka.