Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Adana Ragowar Fenti

Sau da yawa 'yan kwangila da masu gidajen haya kan yi asarar kuɗi saboda barin ragowar fenti ta bushe bayan kammala aiki. Abubuwa uku ke lalata fenti, wato iska da zafi da datti.

Da farko a goge bakin gwangwanin tas, a shimfiɗa leda, sannan a mayar da murfi. A ɗora katako kafin a buga, domin guduma kan lanƙwasa murfin. Idan abin da ya rage a bokitin lita 20 bai wuce lita 3 ba, a juye shi a ƙaramin mazubi, domin yawan iska ke sa fenti yin ɓawo.

A ajiye shi a inuwa, bisa katako, kada danshin damina ya sa gwangwanin tsatsa. Fentin mai kuwa, a nisanta shi da wuta. A rubuta launinsa da ranar buɗewa a jikin mazubin.

Kafin a sake shafawa, a cire ɓawon, a motsa, a tace. Fentin ruwan da ya yi wari ko gudaji ya riga ya lalace.