Shimfiɗar da ke cikin jikinmu

Ƴan uwa masu karatu, kowa ya san fata. Amma ko kun san cikin jiki ma akwai shimfiɗa? Baki, hanci, huhu, tumbi, hanji, ƙoda, mafitsara, duka an shimfiɗe su. Likitoci na ce mata epiteliyom. An gina ta da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, jere kamar tubalin gini. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita.

Shimfiɗar nan iri-iri ce, kowace da aikinta.

Ta farko falle ɗaya ce, ba kauri. Tana cikin huhu da jijiyoyin jini. Ta nan ne iskar da muke shaƙa ke ratsawa ta shiga jini.

Ta biyu hawa-hawa ce, don ta jure gugar yau da kullum. Ita ce a fata, da baki, da hanyar da abinci ke bi. Ƙwayoyin sama na zubewa, na ƙasa na maye gurbinsu.

Ta uku, ƙwayoyinta kamar ƙwarar sukari suke. Tana cikin ƙoda, inda ake tace fitsari.

Ta huɗu, ƙwayoyinta dogaye ne, a tsaye. Tana cikin tumbi da hanji. A hanji ita ke tsotse amfanin abinci. Zawo na ɓata ta, amma cikin kwana 3 zuwa 5 takan sabunta. Don haka in yaro na zawo, kada ku hana mishi nono ko abinci. Ku ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti.

Ta biyar tana da gashi ƙanana. Tana cikin hanci da maƙogwaro. Majina na kama ƙura, gashin na share ta waje kamar tsintsiya. Hayaƙin taba na kashe wannan tsintsiya. Hayaƙin murhu ma na cutar da ita, sai tari ya yi yawa.

Ta shida tana cikin mafitsara. Tana miƙewa kamar roba in fitsari ya taru. Ƙwan tsutsar tsargiya na huda ta, shi ya sa yaro mai wanka a tabki kan yi fitsarin jini. Wannan ciwo ne, ba alamar girma ba. Akwai magani, ku kai shi likita.

Tambayoyi:
1. Wace shimfiɗa ke share ƙura?
2. Mi ke kawo fitsarin jini?
3. Mi za ku ba yaro mai zawo?