Kafin Ka Biya Kuɗin Shafin Nan, Ɗana

Ɗana, na ji kana shirin sayen wani shafin intanet da ya daɗe yana aiki, wanda Google ke kawowa a sahun gaba idan an yi bincike. Allah Ya sanya alheri. Amma zauna mu yi magana kafin ka saki kuɗinka.

Ba kyan rubutu kaɗai ya kai shafin nan inda ka gan shi ba. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, suna auna darajar shafi ne da yawan shafukan da suka sa mahaɗi suna nuno shi, da kuma ƙimar masu nunowar. Ga inda gizo ke saƙa: mahaɗan nan a shafukan wasu suke zaune. Mai sayarwa zai miƙa maka sunan shafi da rubuce-rubuce da kalmar sirri, amma ba zai iya miƙa maka abin da ba nasa ba. Kamar ka sayi shago ne a kasuwa, alhali rabin cinikinsa maƙwabta ke turo masa don sanayya da tsohon mai shi.

To, ka fara tambaya: su wa ke nuno shi, kuma don me? Ka ce a ba ka damar shiga Google Search Console ka gani da idonka, kada ka yarda da hoton da aka turo maka. Ka duba da kayan binciken mahaɗai irin su Ahrefs ko Semrush. Idan manyan mahaɗan daga wasu shafukan mai sayarwar suke, yana iya cire su ranar da kuɗi suka shiga hannunsa. Idan haya ake biya duk wata, ranar da aka daina biya za su ɓace. Irin waɗannan ma haɗari ne, domin tun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don yaƙar mahaɗan bogi. Ka leƙa Wayback Machine kuma, ka ga abin da shafin ya taɓa ɗauka a baya.

Bayan ciniki ya faɗa, ka yi a hankali da hannunka. Da yawa su suke rushe abin da suka saya saboda ɗokin gyara. Ka ga wata jarida ta nuno wani rubutu shekaru da suka wuce, sai sabon mai shafi ya canza adireshinsa, mai karatu ya latsa ya tarar da saƙon 404, wato babu shafin. Wata rana editan ya lura ya cire mahaɗin, shi ke nan an yi asara. Duk adireshin da ka sauya, ka sa masa turawa ta 301 zuwa sabon wurinsa, ka bar ta aƙalla shekara guda. Kada kuma ka mai da shafin girke-girke na sayar da waya. A Maris 2024 Google ya sa dokar hukunta masu sayen sunan shafin da wa'adinsa ya ƙare don cin gajiyar tsohuwar darajarsa da rubutu maras amfani.

Ka rubuta a yarjejeniya cewa mai sayarwa zai bar mahaɗan da ke hannunsa, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har 'yan watanni. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka bar masa kayansa. Ka yi haƙuri ka bincika, ɗana, Allah Ya yi wa nemanka albarka.