Masu kai yara ƙauye hutu, ku ji abin da kububuwa ta yi mana

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara da ke tsakanin Gombe da Taraba, kuma daga faɗuwar ruwan shuka har a gama kai amfani gida, saran maciji shi ne rabin aikinmu. Manoma da makiyaya mun saba da su. Wanda ya sa nake wannan rubutu baƙo ne, ɗan birni mai shekara 17 da ya gama jarrabawar fita sakandare, mahaifiyarsa ta kawo shi garinsu ya ga dangi. Ya rasu a hannunmu makon jiya. Har yanzu raina a ɓace yake, domin ba dafin kaɗai ya kashe yaron nan ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya bi 'ya'yan kawunsa zuwa dajin bayan gari. Duk wanda ya san ƙasar nan a ƙarshen damina ba zai ga laifinsa ba. Ciyawa ta kai ƙugu, duwatsu sun yi shar, rafi na gudu, ɗinya ta nuna tana zuba da kanta. Yaron da ya tashi tsakanin kwalta da katanga dole ransa ya biya. Suka hau dutse, ya yi ta ɗaukar hoto har cajin wayarsa ya ƙare, suka cika leda da ɗinya. Silifas ne a ƙafarsa. Sai da suka jiyo kiran magariba suka kamo hanya, babu mai tocila ko ɗaya. A wata 'yar siririyar hanya, tsakanin gonar dawa da tarin duwatsun da mai gonar ya tsince ya jibge a gefe, ya ji abu ya soke shi a saman idon sawu. Yaran ƙauyen sun ji ƙarar nan da take yi idan ta goga jikinta, sun san ko wace ce.

Nan take suka kwance robar da ake ɗaure kaya a keke suka ɗaure masa cinya tamau. Kawun ya zo, aka ce masa abin ƙasa ya taɓa baƙo. Ya ɗora shi a babur. Ya wuce mararrabar da ke kawowa wurinmu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ya miƙe da shi wani ƙauye wurin mai maganin maciji da aka ce ya gada kaka da kakanni.

Mutumin ya sa reza ya tsattsaga kewayen saran. Ya manna baƙin dutse. Ya ɗura masa jiƙo, yaro ya yi ta amai, ya ce dafin ne ke fita. Sannan ya kafa sharaɗi biyu: kada a kai shi asibiti, wai allura da dafi ba sa haɗuwa, kuma kada mace ta shiga ɗakin da yake. Saboda haka uwar da ta haife shi ta kwana uku a tsakar gidan mutane, tana magana da ɗanta ta bayan ƙyaure, ba ta ga ƙafar ba. Robar nan kuwa sai da gari ya waye aka kwance ta.

Ranar Juma'a ya tashi ya sha kunu, aka ara masa waya ya gaya wa mahaifinsa da sauƙi. Nan ne kububuwa ke yaudarar mutane. Ba ta shanye jiki, ba ta toshe numfashi. Mutum na zaune yana hira yana cin abinci, alhali jininsa ya riga ya daina daskarewa. Tsagar nan ta wuni tana tsattsafo da jini, ana canza tsumma bayan tsumma, mai magani yana cewa mugun jini ne, a bar shi ya fita.

Ranar Asabar kumburi ya haura gwiwa, zogi ya hana shi sakat, sai aka kira wani mai kemis. Ya yi masa allurar diclofenac a ɗuwawu. Diclofenac, a jijiyar nama, ga wanda kububuwa ta sara! Wanda bai san wannan ba me ya haɗa shi da sirinji? Bai tsaya nan ba, ya fito da kwalba ɗaya ya ce maganin dafi ne, ya karɓi kuɗin da sai da aka sayar da tunkiya aka biya. Kawun ya taho mini da kwalin a aljihu. A Indiya aka yi shi, don macizai huɗu na can, babu ko ɗaya da ke rayuwa a ƙasarmu. Da daren nan yaro ya goga asuwaki, dasashinsa ya ɓalle da jini. Ciwon kai ya biyo baya. Da asubahin Lahadi ba ya gane mutane. Sai a lokacin uwar ta ture ƙyauren ta shiga, ta ga abin da ta gani, ta fasa kuka, aka nemo mota.

Da hantsi suka iso. Ƙafar ta yi suntum, duk bororo, tsagar na zuba, wurin allurar ya tara jini ya yi tauri. Na ɗebi jini na sa a kwalbar gilashi, bayan minti 20 na karkata ta, ya gangaro kamar ruwan zoɓo. Na haska idanunsa, ƙwayar ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Likita ya dube ni, na dube shi. Muka ɗaura maganin dafi na EchiTAb-Plus kwalba uku, adrenaline a gefe, 'ya'yan kawun suka ba da jini. Bayan awa 6 na sake gwaji, jinin ya daskare. Maganin ya yi aikinsa, kwana uku bayan sara ma ya yi. Sai dai jinin da ya riga ya zuba cikin ƙwaƙwalwa babu allurar da ke kwashe shi. Kafin asubahin Litinin Allah Ya karɓi abinsa.

Uwar ta riƙe hannuna ta ce, “Sista, ai shekaranjiya da bakinsa ya ce mini Umma da sauƙi.” Na ce, “Hajiya, sai haƙuri, Allah Ya jiƙansa.” Ban iya ƙara komai ba. Kawun ne da ya same ni a baranda ya ce, “Malama, wallahi mutumin nan ya warkar da mutane da yawa a garinmu,” na kasa yin shiru. Na ce, “Malam, waɗanda suka mutu a ɗakinsa fa, wa ya ƙirga su?”

Ga inda sunan mai tsaga yake fitowa. Macizai da yawa ba su da dafin kisa. Mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba. Kububuwar kanta, binciken da David Warrell da abokan aikinsa suka yi a arewacin ƙasar nan tun shekarun 1970 ya nuna tana kashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda ba su samu maganin dafi ba. Ke nan cikin mutum goma da aka kwantar a ɗakin mai magani, takwas ko tara za su tashi ko da ruwan randa ya ba su. Su ne ke yawo suna yabonsa a kasuwa. Ɗaya ko biyun da suka mutu sai a ce an kawo su a makare, ko mace ta leƙa, ko kwana ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara. Amma magani na nan a firij, tafiyar ƙasa da awa guda, aka bi ta gabansa aka wuce.

To ku ji da kyau. Kada a ɗaure. Kada a tsaga. Kada a tsotsa, kada a ɗura jiƙo. A cire zobe da agogo da duk abin da ya matse, a sa kara ko katako a tallafe ƙafar kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya taka. Asibiti kai tsaye, a daren, ko da yana dariya.

Na ce kada a ɗaure. Ina maimaitawa ne saboda shi ne abin da kowa ke fara yi, har masu digiri. Ɗaurin roba ba ya tsare dafin kububuwa, ƙafa yake kashewa. Mun sha ganin wanda ya tsira da ransa ya rasa ƙafa saboda roba. Baƙin dutse kuwa jinin tsaga kawai yake sha, ya faɗo, a yi ta kabbara. Idan zogi ya yi yawa, paracetamol. Ban da aspirin, ban da ibuprofen, ban da diclofenac, ban da kowace allura a ɗuwawu. Ku masu kemis, ku ji tsoron Allah. Maganin dafi ba a yin sa a shago. Yana iya tayar da jiki cikin mintuna, numfashi ya sarƙe, kuma ba ku da abin tarar wannan. Wanda ake ajiyewa a firij kun bar shi a kan kanta cikin zafi, kuna sayar wa talaka da kuɗin tunkiyarsa.

Maganin gaske akwai shi. EchiTAb-Plus a Kosta Rika ake yin sa, EchiTAb G a Birtaniya, dukansu da dafin macizan Najeriya, kuma a Kaltungo aka gwada su a kan masu saran kububuwa, da hannun likitocinmu irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. A Kaltungo akwai asibiti sukutum na saran maciji. A Zamko ta ƙasar Langtang ma an daɗe ana wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, kuma a 2017 ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Gaskiya ne maganin kan yanke, gaskiya ne yana da tsada idan na kyauta ya ƙare, kuma wannan hakki ne a wuyan hukuma. Amma ko a ranar da babu, a asibiti ne za a gwada jini, a san inda za a tura ku.

Ban ce kada yara su shiga daji ba. Su je su ga garin iyayensu, su hau dutse, su sha ɗinya. Amma ɗan ƙauye ya san inda ba a sa ƙafa, naku bai sani ba. Ku saya masa takalmin ruwa mai kaiwa ƙwauri, kuɗinsa bai kai na datar da yake ƙonawa a wata ba. Dogon wando. A dawo gida da sauran rana, domin da faɗuwarta kububuwa ke fitowa. Tocila ta gaske, ko bayan gida za a zaga. Kada a zura hannu cikin suri ko kogon itace ko ƙarƙashin dutse, kada a ɗaga dami ko tarin kirare ba a bubbuga da sanda ba. Mai kwana a ƙasa ya shiga gidan sauro ya cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Idan gamsheƙa ta yi tofi a ido, ruwa mai yawa, a yi ta wankewa, sannan asibiti. Kada a tsaya farautar macijin don a kawo mana, jinin zai gaya mana abin da muke nema, kuma kan da aka datse yana iya sara.

Wani abu kuma da ke ci mini rai: an ce da sauƙi a waya, uba ya koma harkarsa. Duk wanda aka kira aka ce maciji ya sari ɗansa, tambaya ɗaya zai yi, an gwada jininsa? In ba a gwada ba, kada ya karɓi “da sauƙi” daga bakin kowa, ko daga bakin yaron.

Kaka ta kusa, lokacin da gadajenmu ke cika. Kafin ku sauke jaka a ƙauye, ku tambayi wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin dafi, ku karɓi lambar mai babur ko mai mota da zai tashi ko tsakar dare ne, kuma ku gaya wa mai masaukinku a gaban kowa cewa idan abin ƙasa ya taɓa ɗanku, ba ku yarda a kai shi ko'ina ba sai asibiti. Don Allah ku tura wa 'yan uwa. Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri.