Nauru, Tsibirin Da Aka Sayar Da Ƙasarsa

Mu da muka tashi a iyakar Gobir, wajen Burkusuma da Sabon Birni da Isa, babban ruwan da muka sani shi ne Gulbin Rima in ya cika da damina. To, akwai wani teku, sunansa Pasifik, wanda ya fi dukan tudun duniya faɗi. A cikinsa, kudu kaɗan da layin da ya raba duniya biyu, akwai wani ɗan tsibiri wai shi Nauru. Girmansa murabba'in mil 8 ne kaɗai. Wanda ya tashi da asuba a ƙasa, kafin azahar ya kewaye shi. Tsibirin da ya fi kusa da shi, watau Banaba, yana can kusan mil 190.

Babu kogi ko ɗaya a Nauru. Duwatsun murjani sun kewaye shi, har a da manyan jirage ba su iya matsowa gaɓa. Mutane suna zaune a bakin teku, inda kwakwar Attagara ta ke tsiro. Tsakiya tudu ne, sai wani tafki da a ke kira Buada, inda tun zamanin kakanni su kan kawo 'ya'yan kifi daga teku su yi kiwonsu. Dangi goma sha biyu ne asalinsu, ɗa kuwa dangin uwa ya ke bi.

Baturen da ya fara ganin tsibirin shi ne John Fearn, cikin 1798, Jamus kuwa ta mallake shi cikin 1888. Wajen 1900 wani mutum, Albert Ellis, ya gwada wani dutse da a ke tokare ƙofa da shi a ofishinsu a Ostiraliya. Ashe dutsen nan na Nauru fosfat ne, abin da a ke yin takin zamani da shi. An ce kashin tsuntsayen teku ne ya taru shekara dubbai har ya daskare. Irinsa ma akwai a ƙasar Sakkwato, wajen Dange da Shuni.

Aka fara haƙa cikin 1906. Da fari sisin kwabo a ke ba masu ƙasa a kan kowane tan. Ostiraliya ta ƙwace tsibirin cikin 1914, daga nan gonakinta da na Niyu Zilan suka yi ta yabanya da ƙasar Nauru. Cikin 1942 Japanawa suka ci shi, suka kwashe mutum 1,200 zuwa tsibiran Cuk. 737 kaɗai suka komo cikin 1946.

Da aka ga tsakiyar tsibiri ta lalace, sai aka yi musu tayin wani tsibiri kusa da Ostiraliya. Cikin 1964 suka ƙi, gama kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Suka sami mulkin kai ran 31 ga Janairu, 1968, Hammer DeRoburt ya zama shugaba, suka kuma karɓi haƙar da hannunsu. Kuɗi suka shigo, har aka lissafa su cikin mawadatan duniya. Amma aka yi sakaci da ajiya, fosfat kuwa ya yi ta raguwa. Sun kai Ostiraliya ƙara a Kotun Duniya cikin 1989, aka sasanta cikin 1993 da biyan diyya. Duk da haka kamar kashi huɗu cikin biyar na tsibirin ya zama tsirarun duwatsu masu tsini, ba a noma su. Yawancin abinci daga waje a ke kawowa, ciwon sukari kuma ya yawaita.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne amfanin gona a kan sayar, baɗi a sake girbe wani, amma ƙasa in ta tafi ba ta komowa. Mu tamu ba jirgi ke ɗaukarta ba, iska ce da zaizaya, inda aka sare gawo da kalgo aka bar jigawa tsirara. Wajibi ne mu da za mu koma garuruwa mu karantar, mu koya wa yara dasa itace da kai taki gona, tun ƙasar tana hannu.