Wainar Ƙwai: Me Ke Cikin Farantin Mai Shayi?

A hutun da ya wuce ina gida Indabo, ƙanena ya nuna mini wani bidiyo na kasuwar dare a Taiwan, ana soya wainar ƙwai da wani naman ruwa mai ɓawo da ake kira oyista, haɗe da ganye da sitacin dankali. Ya ce, "Yaya, wai wannan ta fi tamu gina jiki?" Tambayar ta sa na koma kan darasinmu na abinci, don ni ma lokacin jarrabawa rabin kuɗin cefanena a teburin mai shayi yake ƙarewa.

Mu fara da ƙwan kansa. Babban ƙwai ɗaya, mai nauyin giram 50, yana da furotin wajen giram 6 da kalori kusan 75. A gwaiduwa akwai bitamin A, D da B12. Baligi yana buƙatar furotin kamar giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Kenan mai kilo 60 yana neman giram 48, ƙwai biyu sun biya masa kashi ɗaya cikin huɗu. Ba laifi! Sai dai ƙwai ba shi da bitamin C, ba shi da harzar da ke taimaka wa hanji.

To me oyista ta ƙara? Sinadarin zink. Da wuya a samu abincin da ya kai ta yawansa, kuma shi ke taimakon garkuwar jiki da warkewar rauni. Namiji na buƙatar miligiram 11 a rana, mace 8. Mu nan ba mu da teku, amma ba mu rasa madadi ba. Jan nama, hanta, wake da agushi duk suna da zink. Hanta ta ƙara da sinadarin ayan mai ƙara jini, sai dai mai juna biyu kar ta yawaita cin ta saboda yawan bitamin A. Ƙananan busassun kifi na kasuwar Wudil kuwa, in an daka da ƙayarsu, suna ba da kalsiyam.

Inda muke tafka asara wuri biyu ne. Na farko mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne. In mai shayi ya kwarara biyu, man ya fi ƙwai biyun kalori. Na biyu shayin: ganyensa yana rage yadda jiki ke zuƙar ayan, alhali bitamin C na tumatir da tattasai ƙara shi yake yi.

Ga abin da na gwada a gida da ƙwan zabi, tunda damina ce: ƙwai uku, mai cokali ɗaya, albasa, tumatir, tattasai, ɗan zogale da garin busasshen kifi. Na bari ta nuna sosai, don ƙwan da bai dahu ba yana iya jawo gudawa. Shayi sai bayan awa ɗaya.

Saboda haka in ka je wajen mai shayi, kar ka ji nauyi. Ka ce, "Malam, a rage mai, a ƙara tumatir da tattasai." Kuɗinka ne, jikinka ne. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.